Yadda Ake Gina Samfurin Sauyin Yanayi da Yadda Ake Haɗa Shi da Rayuwar Mutane

Samfurin yanayi tarin lissafi ne da ake rubutawa a kwamfuta domin ya kwaikwayi yadda zafin rana yake shigowa duniya, yadda iska da teku suke rarraba shi, da yadda yake komawa sararin samaniya. Tambayar da yake amsawa kullum tana farawa ne da kalmar "idan": idan iskar kabon ta ninka a sama, ko aka sare dazuzzuka, ko aka rage ƙona gawayi da man fetur, me zai biyo baya? Wanda ya riƙe wannan tun farko zai tsira daga kuskuren neman samfurin ya gaya masa ko za a yi ruwa a wata rana ta shekarar 2060. Edward Lorenz ya gano a 1961 cewa taƙaita lamba daga 0.506127 zuwa 0.506 kaɗai ya isa ya sauya sakamakon lissafinsa gaba ɗaya, kuma wannan ne ya sa hasashen yanayin yau da gobe ba ya wuce kimanin mako biyu. Abin da samfurin dogon zango yake iya faɗa shi ne matsakaici da yawan aukuwar abu a tsawon lokaci, shi ya sa Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya take amfani da shekara 30 a matsayin ma'auni.

Saboda haka aikin farko shi ne ka rubuta tambayarka a jimla ɗaya, ka ambaci abin da kake son aunawa, da yankin, da shekarun. Tambaya kamar "nawa kwanakin da zafi yake wuce digiri 35 za su ƙaru a wannan kwarin kogi tsakanin 2041 da 2070, idan aka kwatanta da 1991 zuwa 2020" ta riga ta zaɓa maka irin bayanan da za ka nema. Wanda ya fara da sauko da bayanai kafin ya san tambayarsa yakan cika ma'ajiyar kwamfutarsa ba tare da ya amsa komai ba.

Fara da ƙaramin samfuri na hannunka

Shawarata ga duk mai shiga wannan fanni ita ce kada ya taɓa manyan samfura sai ya gina ƙarami da kansa, ko da a Excel ne, domin a nan ake gane abin da lambobin suke nufi. Ka ɗauki duniya a matsayin ɗigo ɗaya mai zafi ɗaya. Hasken rana yana isowa saman iskar duniya da ƙarfin wat 1361 a kowane murabba'in mita, amma da yake duniya ƙwallo ce, kuma rabinta yana cikin dare a kowane lokaci, sai a raba wannan gida huɗu a sami kimanin 340. Gajimare da ƙanƙara da sauran wurare masu haske suna mayar da kusan kashi 30 cikin ɗari, saura kusan wat 240. Dole duniya ta fitar da daidai wannan adadi idan zafinta zai tsaya wuri ɗaya, kuma dokar Stefan da Boltzmann ta nuna cewa jikin da yake fitar da wat 240 zafinsa digiri 18 ne ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos. Matsakaicin zafin doron ƙasa kuwa kusan digiri 15 ne. Wannan tazara ta digiri 33 aikin tururin ruwa ne da iskar kabon da sauran iskokin da suke tare zafi.

Yanzu sai ka tura samfurin. Ƙarin zafin da iskar kabon take tarewa, wanda za mu kira turi, ana samunsa ta ninka 5.35 da logaridim na asali (wato ln) na rabon sabon adadin iskar da tsohon adadinta. Kafin zamanin masana'antu adadin ya kai kusan kashi 280 cikin miliyan. Lokacin da Charles David Keeling ya fara awo a dutsen Mauna Loa na Hawayi a 1958 ya sami kusan 315, yau kuwa ya haura 420. Idan ka sa 420 a lissafin za ka sami turin wat 2.2, idan kuma ka ninka 280 ya zama 560 za ka sami wat 3.7.

Da a ce duniya ba ta da wani martani sai ƙara fitar da zafi, ninkin nan zai ɗaga zafi da kusan digiri 1.2 ne kawai. Amma iska mai ɗumi tana riƙe ƙarin tururin ruwa da kusan kashi 7 cikin ɗari a kan kowane digiri, tururin kuma yana ƙara tare zafi. Ƙanƙara tana narkewa ta bar ruwa mai duhu da yake shan haske, gajimare ma yana sauya kama. Jimillar waɗannan ita ce lambar da ta fi kowace muhimmanci a fannin, wato yawan ɗumamar da ninkin iskar kabon yake haifarwa bayan komai ya daidaita. Svante Arrhenius ya lissafa ta da hannu a 1896 ya sami digiri 5 zuwa 6. Syukuro Manabe da Richard Wetherald sun sami kusan 2.3 a 1967, kwamitin Jule Charney ya ba da 1.5 zuwa 4.5 a 1979, rahoton 2021 na IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ya tsaya a kan 3, tare da iyakar 2.5 zuwa 4. Ka ɗauki 3, ka raba 3.7 da ita, za ka sami kusan 1.2, ma'ana duk digiri ɗaya na ɗumama yana sa duniya ta fitar da ƙarin wat 1.2.

Abu na ƙarshe shi ne lokaci. Ka ba samfurin ruwan saman teku mai zurfin mita 70, wanda yake buƙatar makamashi kusan jul miliyan 200 a kowane murabba'in mita na duniya kafin ya ɗumama da digiri ɗaya. A kowane layi na jadawalinka, wanda yake wakiltar shekara ɗaya, ka ninka ƙarin zafin da aka riga aka samu da 1.2, ka cire shi daga turin, ka ninka ragowar da daƙiƙoƙin shekara, wato kusan miliyan 31.5, ka raba da miliyan 200, sannan ka ƙara abin da ya fito a kan zafin bara. Za ka ga layin ya tashi da sauri ya kwanta a kusa da digiri 3 cikin shekara ashirin ko ƙasa da haka. Wannan saurin ya yi yawa, kuma kuskuren darasi ne mai amfani, domin ka bar zurfin teku a waje. Teku ta shanye kusan kashi 90 cikin ɗari na rarar zafin da duniya ta tara, kuma ƙasanta yana ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ya ɗumama. Ka ƙara akwati na biyu mai girma a ƙarƙashin na farko, wanda yake jan zafi daga gare shi a hankali, sai ka ga ɗumamar ta rabu biyu, wata ta zo cikin shekaru kaɗan, wata ta ci gaba da rarrafe har bayan ƙarni. Samfura irin su FaIR da MAGICC, waɗanda IPCC kanta take amfani da su, ba su yi nisa ƙwarai da wannan tsari ba.

Gwada shi da abin da ya riga ya faru

Samfurin da ba a gwada da tarihi ba bai cancanci a tambaye shi gaba ba. Ka ciyar da naka da adadin iskar kabon daga 1850 zuwa yau, ka kwatanta da awon da aka yi, wanda ya nuna cewa shekarun 2011 zuwa 2020 sun fi na 1850 zuwa 1900 zafi da kusan digiri 1.1. Idan ka ƙara iskar mitan da sauran iskoki masu tare zafi, sakamakonka zai zarce awon, har sai ka sa ɓurɓushin hayaƙin masana'antu da yake mayar da hasken rana, wanda IPCC ta ƙiyasta sanyayawarsa tsakanin sifili da digiri 0.8. Faɗin wannan iyaka yana nuna inda ilimin yake da rauni, kuma a nan tarko yake: samfuri mai saurin ɗumama da aka ba shi ɓurɓushi mai yawa, da samfuri mai jinkirin ɗumama da aka ba shi kaɗan, duka biyun za su iya dacewa da ƙarni na 20, amma su rabu sosai a ƙarni na 21. Don haka ka gwada shi da abin da ba ka yi amfani da shi wajen saita shi ba. Aman wutar dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin a watan Yunin 1991 gwaji ne mai kyau, domin ya watsa tan miliyan 15 zuwa 20 na iskar sulfa a can sama, James Hansen da abokan aikinsa suka yi hasashen sanyayawar kusan rabin digiri, kuma awon 1992 ya zo kusa da haka.

Manyan samfura da yadda ake cin moriyarsu

Babban samfuri yana raba iska da teku zuwa miliyoyin akwatuna kamar raga, kowane mai faɗin kusan kilomita 100, jere a hawa-hawa daga ƙasa zuwa sama, sannan ya lissafa motsin iska da zafi da ruwa tsakanin akwatunan a kowane 'yan mintuna. Duk abin da ya fi akwatin ƙanƙanta, kamar hadari guda ko ɗigon gajimare, ba a lissafa shi kai tsaye, sai dai a wakilce shi da ƙiyasi, kuma bambancin waɗannan ƙiyasce-ƙiyasce ne babban dalilin da ya sa samfura suke saɓa wa juna. Rage faɗin akwati da rabi yana ninka aikin kwamfuta kusan sau takwas zuwa goma, shi ya sa mutum ɗaya ba ya gina irin wannan. Abin da za ka yi shi ne ka ɗauko sakamakon da cibiyoyin bincike suka riga suka fitar a ƙarƙashin shirin CMIP na kwatanta samfuran yanayi, wanda aka fara a 1995, kuma ana samunsa kyauta a rumbun intanet na ESGF. A zagaye na shida na shirin, gwajin tarihi ya ƙare a 2014, na gaba ya fara daga 2015.

Bayanan suna zuwa a tsarin NetCDF, kuma ana buɗe su da xarray a harshen Python ko da manhajar CDO. Akwai ƙananan kurakurai da suke ɓata aikin sababbin shiga. Zafin iska, mai alamar tas, yana zuwa a ma'aunin Kelbin, sai an cire 273.15. Ruwan sama, mai alamar pr, yana zuwa a kilogiram a kowane murabba'in mita a kowace daƙiƙa, sai an ninka da 86,400 a sami milimita a rana. Wasu samfura suna aiki da shekara mai kwana 360, wasu kuma ba su da 29 ga Fabrairu. Akwatunan kusa da ƙarshen arewa da ƙarshen kudu na duniya sun fi na tsakiya ƙanƙanta, don haka matsakaicin da ba a auna shi da girman akwati ba zai ba yankunan ƙanƙara nauyin da ya fi nasu.

Kada ka dogara da samfuri ɗaya. Ka ɗauki goma ko fiye, ka kwatanta kowane da bayanan ERA5 na cibiyar hasashen yanayi ta Turai, waɗanda suka koma baya har 1940, ka ga wanda ya iya kama damina da zafin yankinka. Ka kuma lura cewa wasu samfuran zagaye na shida suna ba da fiye da digiri 5 a kan ninkin iskar kabon, abin da ya wuce iyakar da sauran shaidu suka nuna, don haka haɗa su duka a raba daidai yana iya ƙara wa sakamakonka zafi.

Inda mutum yake shiga lissafin

Ba wata dokar kimiyya da za ta faɗi yawan gawayin da za a ƙona a 2070, don haka ake amfani da tafarkai na zato. Hanya mafi sauƙi ta fahimtarsu ita ce lissafin Yoichi Kaya, wanda ya raba hayaƙin duniya zuwa abu huɗu da ake ninkawa: yawan jama'a, arzikin kowane mutum, makamashin da ake buƙata don samar da wannan arziki, da kabon da yake cikin makamashin. Ka sauya kowane ɗaya a jadawalinka ka ga inda hayaƙin zai nufa. Tafarkai biyar da rahoton IPCC na 2021 ya yi amfani da su sun ba da ɗumamar digiri 1.4, 1.8, 2.7, 3.6 da 4.4 a ƙarshen ƙarni, daga tafarkin mafi ƙarancin hayaƙi mai suna SSP1-1.9 zuwa na mafi yawan hayaƙi mai suna SSP5-8.5. Ba a ba kowane ɗayansu adadin yiwuwa ba, kuma a ganina kuskure ne a ɗauki mafi tsananin a kira shi "abin da zai faru idan ba a yi komai ba", domin ya ginu ne a kan ƙaruwar ƙona gawayi da masana da yawa suke ganin ta yi nisa da inda duniya ta dosa. Ka yi aiki da aƙalla uku, na ƙasa da na tsakiya da na sama.

Tsakanin hayaƙi da adadin iskar da ta rage a sama akwai tsirrai da teku, waɗanda suke shanye fiye da rabin abin da ake fitarwa. Wannan taimako yana iya raguwa idan fari ya kama dazuzzuka ko daskararriyar ƙasar arewacin duniya ta narke ta saki kabon ɗinta. Idan tambayarka ta shafi manufar rage hayaƙi, ka zaɓi gwajin da ake ciyar da shi da hayaƙi, wanda yake lissafa wannan zagaye da kansa. Don duba sakamako da sauri akwai ƙa'ida mai sauƙi: kowane tan biliyan 1000 na iskar kabon da aka tara yana ƙara kusan digiri 0.45.

Daga yanayi zuwa gona da kogi da gari

Akwati mai kilomita 100 ba ya ganin tudu ko gaɓar teku ko birni, saboda haka sai an sauko da sakamakon zuwa ƙaramin yanki, ko dai da samfuran yanki na shirin CORDEX, ko ta hanyar ƙididdiga. Sannan sai an gyara karkata, domin samfura sun shahara da yin yayyafi kusan kullum a maimakon ruwa mai ƙarfi jefi-jefi, kuma samfurin amfanin gona da aka ciyar da irin wannan ruwa zai ɗauka shuka ba ta taɓa jin ƙishi ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki bambancin da samfurin ya nuna tsakanin da da gaba, ka ɗora shi a kan awon tashoshi na gaskiya. Rauninta shi ne tana ɗauka tsarin kwanakin ruwa ba zai sauya ba, don haka ba ta dace da tambaya a kan ambaliya ko jinkirin damina ba.

Bayan haka sai bayanan su shiga samfurin tasiri, kamar DSSAT ko APSIM na amfanin gona, ko samfurin kwararar kogi. A nan ma akwai zaɓin da yake juya sakamako. Ƙarin iskar kabon yana taimakon alkama da shinkafa fiye da masara da dawa, kuma kunna wannan tasiri ko kashe shi yana iya mayar da asara riba a kan takarda. Mutane kuma ba sa zama su jira: suna sauya iri da lokacin shuka, suna ban ruwa, suna ƙaura, suna gina katangar teku. Samfurin da ya ɗauka manomi zai ci gaba da yin abin da yake yi yau har shekara 50 zai zuzuta asara, wanda ya ɗauka kowa yana da kuɗi da labarin da zai daidaita kansa nan take kuma zai rage ta. Ka gudanar da duka biyun ka nuna tazarar. Ka kuma bi sawun abin da martanin mutane yake mayarwa cikin tsarin, misali ban ruwa yana rage kogin da na ƙasa suke sha, na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara buƙatar lantarki, faɗaɗa gona yana cin daji.

Matakin da ya fi kowane rauni shi ne mayar da asara zuwa kuɗi. William Nordhaus ya gina samfurin DICE a farkon shekarun 1990, wanda ya haɗa tattalin arziki da yanayi a zagaye ɗaya, kuma ya sami kyautar Nobel a 2018 a kan wannan aiki. Sai dai sakamakon irin waɗannan samfura ya rataya ne a kan ƙimar rangwamen lokaci, wato darajar da ake ba asarar jikoki idan aka auna ta da kuɗin yau. Nazarin da Nicholas Stern ya yi wa gwamnatin Birtaniya a 2006 ya yi amfani da kusan kashi 1.4 cikin ɗari a shekara, Nordhaus kuma ya fi karkata ga sama da kashi 4. Asarar dala 100 bayan shekara 100 tana daidai da kusan dala 25 a yau a ƙimar farko, amma kusan dala 2 ce a kashi 4. Wannan zaɓi na ɗa'a ne da siyasa, kuma wajibi ne ka rubuta shi a fili inda mai karatu zai gani.

Wajen rubuta sakamako, ka raba rashin tabbas gida uku kamar yadda Ed Hawkins da Rowan Sutton suka nuna a 2009: sauye-sauyen da yanayi yake yi da kansa, irin su El Nino (ɗumamar ruwan tekun Pasifik da take zuwa lokaci-lokaci), bambancin samfura, da bambancin tafarkai. A shekaru 10 zuwa 20 masu zuwa na farko da na biyu ne suke da rinjaye, musamman a ƙaramin yanki, amma zuwa ƙarshen ƙarni tafarkin hayaƙi ne yake yanke hukunci a kan zafi. Ka ba da matsakaici tare da iyaka ta ƙasa da ta sama, ka faɗi samfura nawa ne suka yarda a kan ƙaruwa ko raguwa, domin idan rabi sun ce ruwa zai ƙaru rabi sun ce zai ragu, matsakaicinsu na sifili ba ya nufin babu sauyi. Ka ambaci shekarun da ka yi kwatanci da su, ka ajiye lambobin shirinka da sunan kowane gwajin da ka ɗauko, yadda wani zai iya maimaita aikin daga farko ya duba ko zai sami lambobin da ka samu.